Ranar da Gagare Ya Fita Neman Jaki

Turai ce ta fara gani. Ta fito da ƙwaryar dusa da hantsi, ta tarar da Aura tsaye a turke, kunnuwa a kwance, tana ta tauna baki alhali babu komai a cikinsa. Ta ajiye mata dusar, jakar ko kallo ba ta yi ba. Aura fa, wadda ko ɓawon gyaɗa ka yar sai ta bi shi da baki.

"Maigida," in ji Turai, "taho ka gani. Ɗiyar taka miji take so."

Gagare ya fito yana ɗaure zariyar wando. Ya zagaya jakar, ya dafa bayanta, ta tsaya cak ta ɗage wutsiya. Mutumin da ya yi furfura a bayan jakuna ba sai an yi masa bayani ba. Aura ta zo barbara. Bai yi dariyar da Turai ke jira ba, domin a duk faɗin garinsu Karare babu jaki namiji ko ɗaya.

A da, wa zai tsaya tunanin irin wannan? In an kwashe gero da dawa, kowa kwance dabaibayi yake yi ya saki nasa. Jakunan gari su haɗu da na ƙauyuka da na Fulani, su yi ta yawo cikin gonaki suna cin kara, suna cizon juna, suna hana mutane barcin asuba da kuka. Kafin ruwa ya sauka kowace jaka ta komo gida da ciki, kuma ba a taɓa jin wanda ya tambayi waye uban ba.

Sai masu sayen fata suka zo. Wai can ƙetare ake kai ta, a dafa a yi magani da ita. Mutanen Karare suka yi ta dariya, suna cewa ashe akwai inda hauka ya fi na nan. Amma kuɗin da aka zube musu ba na wasa ba ne. Lokacin kuwa mai na da araha, babura daga waje sun cika kasuwa suna sheƙi. Ka sayar da jaki biyu, ka ɗan ƙara, ka hau abin da ba ya tirjiya, ba ya harbi. Nafi'u, babban ɗan Gagare, ya sa uban gaba har aka fitar da Duna, ingarman jakin gidan, da 'ya'yan Aura gaba ɗaya. Ita kaɗai ta tsira, don Turai ta zauna a gindin turke ta ce sai dai a haɗa da ita a kai kasuwa.

Yau ga babur ɗin can a rumfa, kaji sun mai da shi wurin kwana. Tun da aka cire tallafin mai, kuma naira ta zube, shan kwalba guda ya gagare shi. Daga baya wani ɗan ƙarfe ya karye a cikinsa, aka ce shi ma daga waje ake kawo shi, da dala. Nafi'u ya tattara ya tafi Kudu cirani, ya bar matarsa da yara. Injin burtsatsen gari ya yi shiru. Takin zamani ya zama abin kallo a shago. Komai ya dawo kan Aura. Ita ke ɗauko jarkokin ruwa daga rijiyar fadama, na gidan Gagare da na maƙwabta. Ita ke kai takin gida gona a mangala. Ranar da matar Nafi'u ta kasa haihuwa, a bayanta aka fitar da ita bakin titi.

Ga shi kuma ta tsufa. Haƙoranta sun cinye, saman idanunta ya rame ya yi rami. An daɗe rabon da ta nuna wannan alama, har Gagare ya cire rai. In wannan karon ya wuce ba ta samu namiji ba, to ranar da ta kwanta, gidan ya kwanta tare da ita. Kuma abin ba ya jira, 'yan kwanaki ne ya wuce.

"Ina za ka same shi?" in ji Turai.

"Ƙasa da faɗi. Ba za a ce duk an cinye su ba."

"Ga taki tuli ba a kai ba, ga hadari ya fara leƙowa."

"Na gani. Ki ba ni dusa."

Ta ƙulla masa dusa a tsohon zane, ta cika gora da ruwa, ta sa fura a ƙoƙo. Ya ɗora wa Aura akumari, ya kwance ta. Jakar ta ƙi motsi, kamar kullum. Aura ba ta jin sanda, ba ta jin tsawa. Sai Gagare ya kaɗa harshe sau biyu, tak-tak, sannan take ɗaga ƙafa. Turai ta sha gwadawa, Nafi'u ma haka, amma sai ta yi musu kallon banza. Ya kaɗa, ta biyo shi. Matan unguwa na tsaye a ƙofar gidajensu da jarkoki babu ruwa, suna kallon su har suka ɓace.

A ƙauyen Darini da ya faɗi abin da ya kawo shi, samarin da ke gindin dalbejiya suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Baba ya kawo amarya, ango ya tsere." Shi ma ya ɗan murmusa, don maganar ta yi daɗi. Amma da aka fara lissafin gidajen da za a tura shi, wannan ya ce na wane an sayar, wancan ya ce na wane an sace, sai dariyar ta mutu da kanta. Wani dattijo ya ja hannunsa zuwa bayan gida, ya nuna masa turke, igiya na nan a ɗaure, gara ta fara cin itacen. 

Ya kwana a garin, da sassafe ya nufi rugar Hamma da ke kan hanyar Zakka. Hamma tsohon abokinsa ne, Bafulatanin da a da yakan sauke shanunsa a gonar Gagare da rani, ya bar masa taki, shi kuma ya auna masa gero. Gagare ya san shi da wani farin jaki mai faɗin ƙirji. Duk tsawon hanyar nan farin jakin yake gani a idonsa. Rana ta buɗe, zafin bazara ya sauko. Ya bi ta hanyar gonaki, ya kauce wa bakin daji, domin wannan zamani ko tsoho da jaka ba a bari. Aura na tsayawa tana fitsari kaɗan-kaɗan, tana tauna baki, shi kuwa yana roƙon Allah kada abin ya sake ta a hanya.

Ya tarar da Hamma zaune a inuwar bukka, 'yan shanun da ɓarayi suka rage masa ba su kai a kira su garke ba. Suka gaisa, aka tambayi gida da iyali da gajiya da zafi, aka koma aka sake. Gagare na amsawa, idonsa na yawo a bayan bukkoki. Hamma ya dubi jakar, ya gane, ya sunkuyar da kai.

"Ka makara, Gagare. Wallahi ka makara."

"Mi ya same shi?"

"Yunwa ta same mu. Masara ta ƙare, matata Asta na kwance ba lafiya. Na ba da shi."

"Wa ka ba?"

"Sammani, yaron masu sayen fata. Yana tara su a wani kango bayan Zakka. Na ji an ce yau mota ke zuwa ta kwashe."

Gagare bai tsaya shan nonon da aka kawo masa ba. Ya kaɗa harshe, suka kama hanya, tsoho na sauri yana tuntuɓe, jaka na binsa.

Warin ya fara tarar su kafin su ga wurin. Tsohon kango ne mai katanga rabi a zube, an toshe ɓarakar da ƙaya. Gagare ya leƙa. Jakuna ne cunkushe, farare da baƙaƙe da jajaye, rabon da ya ga masu yawa haka tun kafin Nafi'u ya yi aure. Amma shiru kake ji. Wurin da ya kamata kuka ya hana ka jin maganar na kusa da kai, sai ƙarar ƙudaje.

Sammani na zaune a benci da waya a hannu. Saurayi ne da bai wuce sa'ar Nafi'u ba. Ya taso ya rusuna ya gaida Gagare da ladabi, idonsa na kan Aura, yana auna ta daga wuya zuwa gindi.

"Ta sayarwa ce, Baba?"

"A'a, ɗana. Alfarma na zo nema."

Da ya ji alfarmar, Sammani ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya kira 'yan lodinsa su zo su ji. Sannan ya goge ido ya ce, "Shigar da ita, Baba. Wanga ai ba abin roƙo ba ne. Ga su nan, ta zaɓi wanda ya yi mata. Amma ka hanzarta, direba ya kira ni yanzu."

Aka janye ƙaya, Gagare ya shiga da ita. Aura ta buɗe hanci, jikinta ya ɗauki rawa, ta yi gaba da kanta ba tare da an kira ta ba. Ta shiga tsakiyar maza ta tsaya, ta kwantar da kunnuwa. A Karare ta da, da tuni an yi yaƙi a kanta, an fasa katanga. A nan ko ɗaya bai ɗaga kai ba. Suna tsaye kawai, haƙarƙari a waje, leɓe a rataye, ido a bushe.

Gagare ya duba ko'ina, babu kwami, babu ko bokiti, babu tsinken ciyawa.

"Yaushe rabon su da ruwa?"

Sammani ya sosa ƙeya. "Baba, fata ake saye, ba ciki ba. In na ce zan ciyar da su, da mi zan biya mota? Ka san yadda gas yake yanzu? Ni ma ɗan aike ne. Na sama da ni ma ɗan aike ne."

Gagare ya so ya zage shi, amma bai ga ta inda zai fara ba. Shi da ya kai Duna kasuwa da hannunsa? Ya haɗiye, ya nemi farin jakin Hamma. Ya same shi jingine da katanga, ƙirjin nan mai faɗi ya zama ƙashi. Ya ari bokiti a wani gida, ya tafi rijiya da gudu-gudu irin na tsofaffi, ya jawo ruwa ya kawo. Kafin ya kai, jakunan suka yo kansa, suka kifar da bokitin, suka hau lasar ƙasa. Ya koma ya sake jawowa. Wannan karon ya fitar da farin gefe, ya tsaya yana kare shi da jikinsa har ya shanye. Ya kwance ƙullin dusar Aura, ya jiƙa, ya ba shi a tafin hannu yana lallashi kamar mai ba yaro magani.

"Ci, ɗan albarka. Ci ka tuna kai waye."

Can sai farin ya ɗaga kai. Ya shinshina iska, ya ɗage leɓe sama. Ya tako zuwa wajen Aura, ya goga hanci a kwiɓinta. 'Yan lodi suka hau katanga suna ihu, suna yi masa kirari. Gagare kuwa ya dafe ƙirji, bakinsa na motsi da addu'a. Farin ya ja baya, ya tattara abin da ya rage masa, ya ɗaga ƙafafun gaba. Na baya suka lanƙwashe. Ya zube a ƙasa rim, ya kwanta a gefe yana haki.

Ihun ya ɗauke. Aura na tsaye yadda take, tana jira, ba ta ko waiwaya ba. Gagare ya durƙusa ya kama wuyan farin yana ja, yana cewa tashi, don Allah tashi. Bai san yana kuka ba sai da ya ji gishiri a bakinsa. Daga bakin titi aka ji ham ɗin babbar mota.

Aka jingina katakai a bayan motar, aka fara lodi. Masu iya tafiya a kora su da sanda, waɗanda suka kasa a kama kunne da wutsiya a ja. Gagare ya koma gefe ya zauna a ƙasa, igiyar Aura a hannunsa. Tunaninsa ya tafi ga tulin taki, da jarkokin mata, da jikokinsa. Ya ga Turai da tulu a ka tana hawo tudun fadama da gwiwoyinta masu ciwo.

Da kangon ya fara raguwa, sai ya hangi wata 'yar jaka a lungu, wadda manyan suka rufe ɗazu. Baƙa ce, ƙarama, bayanta duk gyambo, ƙafafu kamar sillen kara. Amma cikinta ya yi ƙasa, ya fi ƙarfin jikin. Ya tashi ya matsa. Ya leƙa ƙarƙashinta, ya ga hantsa ta fara cika. Ya ɗora tafin hannu a kwiɓinta. Wani abu ya harbe shi daga ciki.

"Sammani! Wagga ciki gare ta! Ta kusa!"

Sammani ya zo ya duba, ya taɓe baki. "Allah sarki. Daga Nijar aka koro ta."

"Rai biyu za ka loda?"

"Fata ɗaya za a ƙirga mani, Baba."

"Ka bar mani ita. In kaka ta yi, in Allah ya yarda..."

"Baba, kada ka sa ni jin kunya. Na riga na faɗa wa mai kaya adadi, kuma a kan adadin zai tarbi mota. In kai ɗaya ya fita, sai kai ɗaya ya shiga." Idonsa ya sauka kan Aura. Bai ƙarasa ba, amma ya gama magana.

Gagare ya waiwaya. Ya dubi baƙar. Wataƙila ma ba za ta kai Karare ba, ta faɗi a hanya ya tashi ba ko ɗaya. In ta kai, wataƙila ta haifi gawa. In ta haihu lafiya, sai an yi damina an sake wata kafin ɗan ya ɗauki ko jarka guda. Ya dubi Aura. A ɗakin da yake ajiye harawa aka haife ta, cikin ruwan sama, shi ya goge ta da rigarsa. Ta san hanyar gonarsa fiye da 'ya'yansa. Ba ta yi masa laifin komai ba, tsufa kawai ta yi, kuma ta zo lokacin da babu maza a ƙasa. Ya sake ɗora hannu a kwiɓin baƙar, yana fatan kada ya ji komai, don ya samu hujjar tafiya da tasa gida. Abin ya sake harbawa, har sau biyu.

Ya juya ya kwance majanyin akumari daga bayan Aura. Ƙullin ya ƙi kwantuwa, sai da ya sa haƙori.

"Ka tabbata, Baba?" in ji Sammani a hankali. "Taka ta fi girma. Ni ba ni da asara."

"Ka yi shiru, yaro."

'Yan lodi suka karɓi igiyar, suka ja ta zuwa gindin katako. Nan ta kafe. Suka ja, suka tura, ta ƙi. Ɗaya ya ɗaga sanda ya sauke mata a gindi, ya sake ɗagawa.

"Kai! Kada ka ƙara!"

"To Baba, rana na yi. Ya za mu yi da ita?"

Gagare ya zo ya karɓi igiyar. Ya shafa wuyanta, ya kore mata ƙudaje daga ido. Ya taka katakon ya hau gaba, ya ba ta baya don kada su haɗa ido.  Ya kaɗa harshe, tak-tak.

Ta biyo shi. Ta hau katakon nan a natse, kamar za su fadama ɗebo ruwa. Ya kai ta har ƙurya, ya cire igiyar daga wuyanta, ya ratso ta cikin jakuna ya sauko. Aka ɗaga ƙyauren mota aka sa sakata.

Ya zuba wa baƙar sauran ruwan gora a ƙoƙon fura ta sha. Bayanta ba ya ɗaukar komai saboda gyambo, sai ya naɗe akumarin ya ɗora a kansa. Ya ɗaura mata igiyar Aura, wadda ta yi mata yawa har sai da ya ƙara ƙulli. Bai san da wane baki zai shiga gida ya dubi Turai ba. Ya dai san dole su bar bakin daji kafin rana ta karkata, kuma da wannan ƙafafun sai a hankali.

Direba ya tayar da mota. Gagare ya ja igiya, baƙar ta turje, ta ƙi tafiya. Bai yi tunani ba, bakinsa ne ya yi abin da ya saba. Ya kaɗa harshe.

Baƙar ko kunne ba ta motsa ba, ba ta san wannan kira ba. Amma daga cikin motar, a bayan ƙyauren da aka kulle, sai ya ji kofato na dukan ƙarfe, ana ture jakuna ana neman hanyar fitowa.